Ranar da Na Yi Hayar Mai Kuka

Ko tsufa ya kwashe min komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi hayar dattijo don ya yi kuka a gaban zanena ba. Har yau in abin ya faɗo min a rai, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in waiga in ga ko akwai mai kallona.

Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Agadas. Shekarun babban farin nan ne, sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. Makiyayan da dabbobinsu suka ƙare sun yi ta kwararowa gari, Fulani da Buzaye, wasu da jaki ɗaya, wasu da ƙwarya kawai. Aka yi musu sansani a bayan katangar lakwal ɗinmu, matansu na shigowa ɗiban ruwa a famfonmu safe da yamma.

Ni kuwa a lakwal ɗin nan ni ne mai zane. Duk malamin da zai koyar da taswirar Nijar, ko huhu da zuciya, ko yadda sauro ke yin ƙwai, sai ya zo ya roƙe ni in zana masa a allo. Ni ma sai na ja aji kafin in je. In na gama in rubuta a ƙasa da jan alli cewa kada a goge. (Akwai wata zuciya da na zana da ta yi wata biyu a allon wani aji, malamin yana raɓawa gefe yana rubutu a ɗan wurin da ya rage, don kada in ji haushi.) Haka na zauna shekara shida babu mai ja da ni.

Sai aka kawo mana wani sabon malami daga Ingal, Mushe Agali (Mushe, wato Monsieur, haka ake kiran mu malaman lakwal). Siriri ne, dogo, da rawani, ba ya magana sai an tambaye shi. Ban ɗauke shi a bakin komai ba, har wata safiya da na tarar da rabin ƴan ajina sun yi cincirindo a tagar ajinsa. Na je in kora su, sai idona ya faɗa kan allo. Raƙumi ne ya zana da farin alli, yana shirin tashi daga durƙuso. Layukan ba su da yawa, amma wallahi sai da na ji kamar in matsa gefe kada ya taka ni.

Ya fito muka gaisa. Ya ce, "Mushe, an ce min kai ne gwanin zane a nan. Ya ka gani?"

Na karkata kai, na ƙanƙance ido, na ce, "Ba laifi. Sai dai wuyan ya ɗan yi tsawo."

(Wuyan raƙumi fa. Allah Ya yafe min.)

Ya ce, "Na gode, zan kula." Har cikin ransa ya faɗa. Wannan ya fi komai ƙona min rai, don da ya yi gardama da na samu abin kamawa.

Ba a yi wata guda ba Direkter, shugaban lakwal ɗinmu, ya kira mu malamai ofishinsa. Ya ce Kumandan, wato hafsan sojan da ke riƙe da jihar, zai kawo ziyara lakwal nan da mako uku. Yana son zanen da zai ƙarfafa wa mutane zuciya, ya tuna musu cewa daji zai sake yin kyau: makiyayi da dabbobinsa da ƙasarsa suna zaune lafiya da juna. "L'homme et la nature," wato mutum da muhallinsa, in ji Direkter, yana ɗaga yatsa. Wanda Kumandan ya zaɓa za a rataye shi a zauren ofishinsa, inda duk baƙon da ya zo daga Yamai zai gani.

Na gyara zama zan ce na karɓa, sai Direkter ya ce, "Ga katako biyu can da gwangwanayen fenti. Ku biyu za ku yi, kai da Mushe Agali."

Ku biyu! Na fita daga ofishin nan kalmar tana yi min yawo a ciki kamar na haɗiyi ƙaya.

To ga matsalata, wadda ban gaya wa kowa ba. Ni ɗan gari ne. A tsohon gari aka haife ni, mahaifina tela ne, a gindin kekensa na tashi. Sanina da saniya bai wuce a rumfar mahauta ba, a rataye. Kuma a shekarar nan ko ka fita neman wadda za ka kalla, sai dai ka ga ƙashi da fata suna tafiya. Na yi kwana uku ina ɓata takarda. Abin da ke fitowa wani lokaci jaki ne, wani lokaci kare mai nono.

A rana ta huɗu ina shan shayi a gida, idona ya sauka kan wani gwangwanin madarar gari, irin wadda ake kawowa daga ƙasashen Turawa saboda fari. A jikinsa ga saniya, fara da dabbare-dabbaren baƙi, ƙatuwa, babu ƙaho, da ƙararrawa a wuya, tana tsaye cikin ciyawa har gwiwa. Bayanta ga dutse mai farin kai. Na ce alhamdu lillahi, Allah Ya kawo mafita. Na kwafe ta sau biyar, manya da ƙanana. Na shimfiɗa kogi shuɗi shar a gabansu. Na sa makiyayi da malfa, kwance a gindin itace, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana busa sarewa. Ciyawa kuwa na zuba ta ba tausayi.

Tunda na fara faɗin gaskiya bari in ƙarasa. Gwangwanin koren fenti biyu aka ba mu. Na yi aiki da ɗaya, na ɓoye ɗayan a bayan kabad ɗin ajina. Da Mushe Agali ya zo tambaya, na buɗe hannu na ce ya ƙare.

Ya ce, "Ba komai, Mushe. Ciyawarmu dama ba ta cika yin kore sosai ba."

Ya tafi ya haɗa shuɗi da rawaya, ya ɗebo jar ƙasa a bayan aji ya kwaɓa, ya ci gaba da aikinsa.

Da muka gama aka jingina katakan biyu a barandar ofis don su bushe. A nan na fara ganin nasa sosai. Wani tafki ne na wajen Ingal bayan ruwan farko. Ciyawar gajera ce, tsilli-tsilli, ana ganin ƙasa ta tsakaninta. Jajayen shanu masu dogayen ƙahoni sun sunkuya suna sha, balbela na tsaye a gadon bayan ɗaya. Makiyayin yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya dogara da sanda, idonsa na kan wani maraƙi da ya yi nisa. Can gefe mace ta durƙusa tana tatsa, goshinta jingine da cikin saniyar. Babu wani ado. Amma in ka tsaya gabansa sai ka ji kamar ƙamshin ƙasar da ruwa ya daka yana shigar maka hanci.

Na ce a raina launinsa ya yi duhu, Kumandan ba zai so ba.

Washegari da safe wata tsohuwa daga sansani ta zo ɗiban ruwa. Ta bi ta baranda, ta wuce nawa ko kallonsa ba ta yi ba, ta tsaya cak a gaban nasa. Ta ajiye tulunta. Ta miƙa hannu ta shafa wata saniya mai karyayyen bakin ƙaho, ta fara magana da Fillanci a hankali, kamar mai lallashin yaro, hawaye na bin fuskarta. Wata da ke jin Hausa ta ce mana sunan saniyarta take kira, wadda ta mutu a hanya. Kafin azahar labari ya zaga sansani. Mutane suka riƙa shigowa biyu-biyu, uku-uku, su tsaya shiru, wasu su share ido da gefen mayafi su koma. Direkter da kansa ya fito da hankici yana cewa, "Voilà! Wannan shi ne zane."

Nawa fa? Wani mutum ya jingina sandarsa a jiki don ya samu damar kallon na Agali da kyau.

Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Kada ku ɗauka tausayin mutanen nan ne ya hana ni. Ina ma a ce shi ne. Ƙyashi ne tsagwaronsa. Mutane na kukan dukiyarsu da rayuwarsu da suka salwanta, ni kuwa ina tsaye bayan taga ina jin haushin ba a gaban katakona suke yi ba. Na zauna na yi ta saƙe-saƙe har na kai ga wata dabara da a lokacin na ga kamar ta fi ta kowa. Na ce ashe hawaye ne ke yanke hukunci. To in Kumandan ya ga makiyayi na kuka a gaban nawa, magana ta ƙare.

Akwai wani dattijo Bafulatani da ke zama kullum a inuwar katangarmu yana tufka igiya, ana ce masa Baffa Juri. Na auno tiya biyu ta hatsi daga gidana, na haɗa da ƙullin shayi da sukari, na same shi da la'asar. Muka gaisa, na ajiye kayan a gabansa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na fito fili.

"Baffa, ranar da Kumandan zai zo, so nake ka tsaya gaban zanena ka yi kuka."

Ya dakata da tufkar. "Wa ya mutu, Mushe?"

"Ba wanda ya mutu."

"To kukan mene ne?"

Na ce, "Ka tuna shanunka kawai. Zai zo da kansa."

Ya ɗago ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. (Da ina da sauran hankali, a nan ya kamata in kwashi ƙafafuna in bar masa hatsin sadaka.) Sannan ya dubi hatsin, ya dubi wata bukkar tsumma inda jikokinsa ke zaune, ya ce, "To, Mushe. Zan gwada."

Na ce kada ya je ya kalli zanen kafin ranar, don abin ya zo masa sabo, ya fi taɓa zuciya. Kun ji wayo.

Ranar ziyara tun hantsi aka jera yara a fili, an share ko'ina, an yayyafa ruwa. Mutanen sansani sun taru a bakin ƙofa suna leƙe. Motocin soja biyu suka shigo. Kumandan ya sauko, gajere ne kakkaura, da baƙin tabarau da ƴar sanda a hammata. A zamanin nan in irinsu na tsaye ko tari ba ka yi sai ka nemi wuri. Yara suka yi waƙa, Direkter ya karanta jawabinsa, sannan aka nufi baranda.

Na Agali ya fara gani. Ya tsaya. Ya cire tabarau. Ya daɗe yana kallo, har na ji gumi na bin bayana. Sai ya matso gaban nawa, ya mayar da tabaransa.

Na juya na yi wa Baffa Juri alama da kai. Ya taho yana dogara sanda. Wani soja ya tare shi, ni kuwa na yi wuf na ce, "Mon commandant, wani makiyayi ne, kullum sai ya zo kallon wannan zane. Ba ya iya haƙuri da shi."

Kumandan ya ce, "Ku bar shi. Matso, Baba. Me ka gani a nan?"

Baffa ya matso har hancinsa ya kusa taɓa katakon. Ya ja baya. Ya sake matsowa. Ya nuna babbar saniyata da bakin sanda.

"Wannan mece ce?"

Na ce a hankali, "Saniya ce, Baffa."

"Saniya? Wa ya yanke mata ƙaho?" Ya ƙara dubawa, sai fuskarsa ta washe. "Af! Na gane ta! Ta gwangwani ce. Wadda ake raba mana. Ga ma ƙararrawarta. Ashe tana da ƴanʼuwa."

Na ji wani malami a bayana ya yi wani irin sauti ta hanci. Baffa bai gama ba. Ya nuna dutsen.

"Wannan farin na sama gishiri ne? Irin na Bilma?"

Gaskiya ni ma ban taɓa tambayar kaina ba.

"Shi kuma na kwancen nan, ba shi da lafiya ne?"

Na ce, "Hutawa yake. Yana busa sarewa."

"Hutawa? Ga maraƙi a bakin ruwa mai zurfi, shi ya ba su baya ya ɗaga ƙafa sama? In ɗana ne wannan, da sandar nan zan tashe shi."

Kumandan bai motsa ba. Ni kuwa ina ta ƙifta wa Baffa ido, ina shafa kumatuna da yatsa daga sama zuwa ƙasa don ya tuna aikinsa. Ya lura da ni. Ya gyara tsayuwa, ya dube ni da ladabi, ya ce da muryar da har na bakin ƙofa sun ji:

"Mushe, yanzu zan fara kukan, ko sai Kumandan ya gama kallo?"

Jama'a, na sha jin mutane na cewa sun so ƙasa ta tsage su shige. Ni ban ma samu ƙarfin yin wannan fatan ba. Wurin ya yi tsit, har kana jin ɗigar ruwan famfo.

Kumandan ya juyo a hankali. "Wane kuka, Baba?"

Baffa ya ba shi labari tiryan-tiryan, bai rage ba bai ƙara ba. Yadda na zo da la'asar, abin da na ce, abin da ya ce. Ya rufe da cewa, "Mutumin kirki ne, ranka ya daɗe. Har tiya biyu ta hatsi ya ba ni, da shayi."

Nan fuskar Kumandan ta sauya. Ya sake cire tabarau, wannan karon ni yake kallo.

"Hatsin ina?"

Wanda bai yi zamanin ba ba zai gane nauyin tambayar nan ba. Sojojin nan ba sa wasa da maganar hatsi. Ana taɓa na agaji ko na abincin yaran lakwal, mutum ya bar aiki, wani ma ya bar garin a bayan mota, iyalinsa su yi ta tambayar inda aka kai shi. Mu kuma muna da ɗakin ajiya cike da buhunan abincin yara. Na buɗe baki in ce daga gidana ne, murya ta ƙi fita. Sai wani ɗan kuka siriri, irin na ɗan akuya. (Ga shi dai an samu kuka a gaban zanena, amma ba daga inda na yi oda ba.)

Sai na ji murya a gefena. "Mon commandant, makullin ɗakin ajiya a hannuna yake. Ko ƙwaya ba ta fita ba, ana iya dubawa yanzu. Hatsin gidansa ne."

Mushe Agali ne. Mutumin da na ɓoye wa fenti. Da wani ne ya cece ni da na ji sanyi. Da ya zama shi ne, sai na ji kamar an ƙara min bulala a kan ciwo.

Kumandan ya dubi Agali, ya dubi Baffa, ya dubi shanuna biyar na gwangwani. Kafaɗunsa suka fara rawa. Sai ya fashe da dariya, har yana buga ƴar sandarsa a cinya. Da aka ga ya yi, kowa ya samu izini. Direkter, malamai, sojoji, matan bakin ƙofa da aka fassara musu, har ƴan ajina da na yi shekara ina koya musu ladabi. Ni kaɗai da Baffa ne ba mu yi ba. Shi yana ta duban mutane yana neman abin da ya faru.

Da Kumandan ya share idonsa ya ce min, "Monsieur, tunda kana da hatsin sayen hawaye, kana da lokaci ke nan. Duk Alhamis da Lahadi ka je sansani ka taya su rabon abinci, har ruwa ya sauka. Wataƙila ka ga yadda makiyayi yake." Ya nuna katakon Agali, sojoji suka ɗauka suka sa a mota. Nawa kuwa Direkter ya sa aka toshe wata fasasshiyar taga da shi, fuskar zanen na kallon ciki.

Haka na yi watanni ina zuwa sansani, ina auna hatsi ina zuba wa mutane a ƙwarya da gefen zane. Duk inda na gifta sai in ji mata na cewa ga Mushen gwangwani nan. A nan na san cewa kowace saniya tana da suna, kuma mai ita ya san uwarta da kakarta. Na ga dattijon da ke yawo da igiyar ɗaure maruƙa a kafaɗa alhali ba shi da ko ɗaya. Na mayar wa Agali koren fentinsa, na ce a bayan kabad na tsince shi. Ya ce, "Na sani, Mushe, ranar ma na hango shi." Ya karɓa ya yi godiya. Ban ce na daina jin ƙyashinsa daga ranar ba, ƙarya ba kyau. Na dai koyi yin shiru da shi.

Sai da na yi mako uku kafin na iya tunkarar Baffa Juri. Na durƙusa na ce ya yafe min, abin da na sa shi bai dace ba.

Ya ce, "Ni ne zan ba ka haƙuri, Mushe. Mun ci hatsinka ban yi maka aikin ba. Wallahi na yi niyya. Tun da safe nake tuna shanuna ɗaya bayan ɗaya, har hawayen ya zo nan." Ya nuna maƙogwaronsa. "Amma da na ga taka, ta ƙoshi kamar za ta fashe, ga mai ita ya ɗaga ƙafa, sai abin ya koma. Da na dawo bukka na ba tsohuwata labari, muka yi ta dariya har cikinmu ya yi ciwo. Rabonmu da dariya tun kafin mu baro daji."

Na tashi na koma bakin buhuna.

Abin da na koya dai shi ne, zaman lafiyar da ke tsakanin makiyayi da dajinsa ba a kwafo ta daga jikin gwangwani, sai wanda ya tsaya a rana tare da su. Hawayen mai jin yunwa kuma ba kayan haya ba ne, wannan har gobe ina neman gafarar Allah a kansa. Sai kuma ƴar shawara ga duk wanda ƙyashi ya rufe wa ido har ya zauna ƙulla makirci: ka duba da kyau kafin ka zaɓi abokin aiki. In ka ɗauko mai gaskiya, a gaban Kumandan zai tambaye ka lokacin farawa.